Abin da Inna Ta Ce Game da Fim ɗin Mai Burodi

Shekarar da aka yi wa Inna aikin ido, ina cikin shekarata ta biyu a wani ɗakin bincike na jami'a a Bron, gefen Lyon, a ƙasar Faransa. Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu, har ta kai ba ta iya zura zare a allura. Yayana ya yi ta fama da takardu har ta samu biza ta taso daga Maraɗi. A gidansa ta sauka, a Saint-Denis, gefen Paris, bene na takwas, inda yake zaune da matarsa da 'ya'yansu. Likita ya ce ido ɗaya za a fara yi, a jira 'yan makonni, sannan a yi ɗayan. Ni kuma duk Asabar sai in hau jirgin ƙasa da sassafe, awa biyu ina Paris, in shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin azahar ina gaban Inna.

Abin da na fi tsoro shi ne kaɗaici ya dame ta. Yaya da matarsa suna fita aiki tun safe. Babbar ɗiyarsu, mai shekara goma sha shida, a nan aka haife ta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Inna kuwa ba ta san komai a Faransanci ba sai "mersi". Na ɗauka kallon juna kawai za su riƙa yi kamar baƙi a tasha.

Zuwana na biyu, tun daga bakin ƙofa na jiyo gardama. Na same su a kan doguwar kujera gaban tele, wato talabijin, Inna da ido ɗaya a rufe da auduga, yarinyar ta tsayar da hoto a kan wata mata da fulawa ta ɓata wa hannu har gwiwa. Na durƙusa na gaishe da Inna, ta amsa a gajarce, abin da ba halinta ba ne. Ko gajiyar hanya ba ta tambaye ni ba.

Yarinyar ta ce, "Tanti, ƙaƙa ake cewa malédiction?"

Na ce, "Tsinuwa. Ko la'ana."

Inna ta girgiza kai. "Wagga ba tsinuwa ba ce, ciniki ne. Da ƙafarta ta tahi."

Fim ne mai tsawo, irin na tatsuniya, ana sakin kashi ɗaya duk ranar Juma'a. A wata ƙasa mai gidajen duwatsu da sanyi, wata mata tana da ɗiya guda, sai jikin yarinyar ya fara komawa dutse daga yatsun ƙafa. Matar ta je wurin wata tsohuwa da ke zaune ƙarƙashin gada. Tsohuwa ta ce yarinya za ta warke, amma duniya duka, har ita yarinyar, za a manta wace ce ta haife ta. Ranar da uwar ta buɗe baki ta faɗa, ranar ɗiyar za ta zama dutse har kai. Uwa ta yarda. Wasu masu hali suka tsinci yarinyar suka rene ta, ita kuma uwar ta nemi aikin gasa burodi a madafin gidansu. Yarinya ta girma an gaya mata uwarta jefar da ita ta yi. Kullum da safe sai ta shigo madafi ta ɗauki burodi mai zafi, ta zauna tana gaya wa mai burodin irin ƙin da take yi wa matar da ta haife ta.

Ɗiyar Yaya tana kallon kowane kashi ita kaɗai ranar da ya fito, sannan ta sake kallo da kakarta ranar Asabar, tana tsayarwa tana fassarawa da Hausarta mai tsalle-tsalle da hannuwa. Inda ta kasa, Inna ta cike da nata. Ban taɓa jin yarinyar ta haɗa jimla uku a jere da Hausa ba sai a wannan kujera.

Ni da farko ban ga abin da zai zaunar da babba a gaban wannan labari ba. Mun ji irinsa da yawa a tsakar gida muna yara, kuma masu ba mu ba su buƙaci doki ko dusar ƙanƙara ba. Amma sai na fara lura. A ɗakin bincikenmu akwai wani Bafaranshe mai furfura, mutum mai tsare gida, wanda ban taɓa jin ya yi zancen da ba na aiki ba. Ran nan wajen shan kafe na ji shi yana gargaɗin wata ɗaliba kada ta gaya masa abin da ya faru, bai kalli na makon ba tukuna. A jirgi kuma na ga wata mata sanye da kayan ofis tana kallo a waya tana share hanci. Abin ya fara ba ni mamaki, na ce ɗiyar Yaya ta nuna mini dandalin da masoya fim ɗin suke taruwa a intanet.

Awa biyun nan na jirgi suka zama lokacin karatuna. Mutanen sun rabu gida biyu. Wasu suna ganin mai burodi ita ce uwa ta gaske, ta ba da sunanta na uwa don ɗiyarta ta rayu. Wasu kuma suna jin haushinta ƙwarai. A ganinsu ta zaɓa wa yarinya rayuwar da ba ta tambaye ta ba, sannan ta zauna kusa tana more ganinta, ta bar ta da ciwon cewa an yar da ita. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da wuya mutum ya yi layi biyar yana zancen fim bai koma zancen gidansu ba. Wani ya ba da labarin uwarsa da ta bar karatu ta yi ta sharar ofisoshi. Wata ta ce ita tata uwar ba ta taɓa barin ta manta abin da aka sadaukar dominta ba, ko wajen cin abinci sai an tuna mata, don haka gara mai burodi da ta yi shiru. Akwai wanda ya ce ya kira mahaifiyarsa bayan shekaru, ta ɗauka, suka rasa abin cewa, suka yi zancen ruwan sama. Na yi ta tambayar kaina, me ya sa mutum zai iya gaya wa baƙi dubu abin da bai iya gaya wa mutum ɗaya a gidansu ba?

Ɗiyar Yaya tana cikin masu jin haushi, kuma ba ƙaramar mai faɗa ba ce a can. Ta ce mini da Faransanci, iyaye suna yanke hukunci su kaɗai, sannan su zo suna jiran godiya. Na tambaye ta ko da ubanta take. Ta ɗaga kafaɗa ta ce da kowa take.

Inna kuwa ba ta shiga ko wane gida ba. Nata tambayoyin daban ne. Ta so ta san wace irin mace ce wannan da ba ta da dangi ko ɗaya da za ta yi shawara da shi kafin ta je ƙarƙashin gada. Ta ce tsohuwar nan aljana ce, kuma ba a ciniki da aljani babu shaida. Ta ce wadda aka ba aikin mai burodi ba ta taɓa kwaɓa fulawa ba a rayuwarta, dubi yadda take shafa ta kamar tana lallashin mage. Jikarta ta fara rubuta waɗannan maganganu a dandalin, tana cewa in ji kakata da ta zo daga Nijar. Mutane suka so abin. Duk mako sai a sami masu tambaya, me kakarki ta ce game da na jiya? Da aka gaya wa Inna, ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce a gaishe su, a ce musu ido yana sauƙi.

Wata Asabar, ana tsakiyar kallo, Inna ta ɗaga hannu a tsayar.

"Wai ina uban yarinyar ga?"

Jikarta ta ce, "Ya mutu, Kaka. Tun kafin a fara."

Inna ta ce, "To, sun sauƙaƙa ma kansu aiki. Ci gaba."

Wannan magana ta tada ƙura a dandalin fiye da duk na baya. Aka yi ta muhawara kan dalilin da ya sa a tatsuniya uba ko ya mutu, ko yana yaƙi, ko kuwa wawa ne da ake juyawa. Ni kuma maganar ta tsaya mini a rai saboda wani dalili nawa, don ban saba jin Inna tana neman wa uba wuri a labari ba.

A wani ƙauye muka tashi, kudu da Maraɗi. Babanmu manomi ne, da rani kuma yana ɗinki. Lakwal ɗin ƙauyenmu aji uku kawai gare ta. Da na gama na ukun, ina shekara tara, aka ce za a kai ni Damagaram wurin Gwaggo, yayar Baba, in ci gaba da karatu. Ranar tafiya na riƙe zanen Inna ina kuka. Tana bakace, ko kai ba ta ɗaga ba. Baba ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ni na yanke, babu mai canzawa." Shi ya kai ni a mota, bai ce mini komai ba har muka isa, kuma bai kwana ba ya juya. Gwaggo ba ta cuce ni ba, ta riƙe ni kamar 'ya'yanta. Amma daga ranar na rufe wa Baba fuska. In na zo hutu sai in gaishe shi yadda aka koya mini, in kawo masa ruwa, in koma wurin Inna. In ya tambayi karatu in ce lafiya lau. Ya rasu ina shekarar farko a jami'a a Yamai, ban taɓa zama na yi hira da shi ta minti goma ba. Ko bayan da karatun ya kawo ni inda nake, abin da nake cewa a raina shi ne ya yi daidai, amma ya yi shi babu tausayi.

Aka yi wa Inna ido na biyu, ya warke. Ranar da aka cire audugar ta dubi Yaya ta ce ashe ya yi furfura haka ba wanda ya gaya mata. Lokacin ya zo daidai da hutun 'yan lakwal, sai jikarta ta rako ta Lyon su yi mini mako guda. Ɗakina ƙarami ne, na bar musu gado na shimfiɗa katifa a ƙasa. Na kai su bakin kogi, muka hau tiram, ɗan jirgin ƙasan da ke bin titunan gari, har ƙarshen layi muka dawo, don Inna ta ce tana son ganin gari da sababbin idanunta ba tare da ta taka ba.

A cikin wannan mako kashin ƙarshe ya fito. Yarinyar ta yi alkawarin ba za ta kalla ita kaɗai ba, ta kashe wayarta tun ranar Juma'a don kada wani ya ɓata mata. Asabar da rana muka zauna mu uku gaban kwamfutata. Kowa yana jiran ranar da ɗiyar za ta gane. Ba ta gane ba. Ta yi aure za ta tafi wata ƙasa, ta shigo madafi ta yi wa mai burodi sallama kamar yadda ake yi wa tsohuwar ma'aikaciya da ake ƙauna, ta ba ta mayafi. Mai burodi ta koma ta hura wuta. Fim ya ƙare a nan.

Ɗiyar Yaya ta miƙe tana faɗa da Faransanci, wai an yaudare su, wata nawa suna jira. Ta kunna waya ta fita baranda, muna jin yatsunta suna aiki. Daga baya ta nuna mini, dandalin ya kama da wuta, har masu son mai burodi sun ji haushin masu fim ɗin.

Inna ta ce, "Nan kam sun hwaɗi gaskiya." Ta tashi ta shiga madafi.

Ta zo da busasshen zogale daga gida, ta ce yau dambu za ta yi mini, ta gaji da shinkafata. Na tsaya gefenta ina yanka albasa. Ban shirya tambayar ba, fita kawai ta yi.

"Inna, ranar da kika tambayi uban yarinyar, me kike nufi da sun sauƙaƙa wa kansu?"

Ta ci gaba da tsince itatuwan zogale. "In da uba a gidan, da sai an san wa za a ɗora ma laihi. Yaro ba ya barin abu haka nan, sai ya sami wanda zai ƙi."

"Kamar yadda na yi da Baba."

"Kamar yadda kika yi da Malam."

Na ce ai shi ya yanke, da kunnena na ji.

Ta ajiye tiren ta dube ni. "Kin ji abin da aka so ki ji. Ni na kai ki Damagaram."

Ta ba ni labarin tana aiki, ba ta zauna ba. Malamin lakwal ne ya zo gida ya ce yarinyar nan tana da kai, kada a bar ta ta tsaya. Baba ya ce ya ji, amma ba zai ba da ɗiya mai shekara tara ba. Akwai lakwal mai aji shida a wani gari da ke gaba da mu, ya ce zai riƙa kai ni a keke kullum yana ɗauko ni. Inna ta ce ita ta san ba zai ɗore ba, ga gona ga ɗinki. Kuma ba wannan ne babban dalilinta ba.

"Na san kaina. Ƙannenki huɗu, ga daka, ga rijiya. In kina gabana zan aike ki. Yau in ce riƙe mini goyo, gobe in ce bari lakwal sai jibi. Da hannuna zan cire ki, ba da mugunta ba."

Sai ta aika wa Gwaggo saƙo ta bakin wata mai fataucin tabarmi, ba da sanin Baba ba. Gwaggo ta aiko tana neman a ba ta ni, shi kuma ba ya iya ce wa yayarsa a'a. Da ya gano inda maganar ta fito, mako guda bai ci tuwon Inna ba, gidan ƙanensa yake ci. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya same ta a bayan rumbu ya ce, in yarinya ta tambaya, shi ne ya yanke. Ya ce ɗiyar da ke fushi da ubanta za ta girma lafiya, amma wadda ke fushi da uwarta ba ta da wurin ajiye kai in ta zo hutu. Ya sa ta yi masa alkawari.

Na ce, "Amma ya rasu tun yaushe, Inna."

"Bai ce in ya mutu in hwaɗi ba."

"To yau me ya sa?"

"Kin tambaya. Shekara nawa ba ki tambaya ba."

Na ɗauka zan yi kuka ko in yi fushi, amma abin da ya zo mini tambayoyi ne, suna ture juna. Baba ya san ina ƙin sa? Ta ce sarai. Yana jin zafi? Ta ce wani lokaci in na gaishe shi na fita, yakan ce mata, gaisuwar ɗiyarki kamar ta baƙon da ya tsaya tambayar hanya, sai ya yi dariya, amma ranar ba ya gama abincinsa. Ya taɓa cewa a gaya mini? Sau ɗaya ita ta nemi ya sake ta daga alkawarin, shekarar da na ci jarrabawar shiga lise, babbar sakandare. Ya ce a bari in gama, kada a dama mini kai. Ita fa, da nake rungume ta ina ƙin sa, yaya take ji?  A nan sai ta ce in miƙo mata mai.

Jikarta ta shigo ta dube mu, ta ga ba daidai ba. Na gaya mata da Faransanci a taƙaice. Ta zauna a kan kujerar madafi tana kallon kakarta. Can ta tambaya ko za ta iya rubutawa a dandalin, ba tare da suna ba, don mutane suna ta jiran ra'ayin Kaka game da ƙarshen.

Inna ta ce, "Ki ce musu na ce ƙarshen ya yi. Wancan kuwa ba na tele ba ne."

Yarinyar ta juyo ta tambaye ni ko ina fushi da Inna yanzu. Na ce ban sani ba tukuna, kuma gaskiyata ke nan. Muka ci dambu.

Bayan sun koma Paris na kira Gwaggo a Damagaram. Ta tsufa, sai an ɗaga murya. Muka gama gaisuwa, ta tambayi sanyi, ta tambayi idon Inna, sannan na faɗi abin da ya sa na kira. Ta yi dariya ta ce, "Ashe ta gaji da riƙo." Ta ce ita abin da ta sani kaɗan ne, ƙanenta ya kawo ni, ya ƙi ko shan fura, ya juya. In ina son labarinsa in nemi Baffa, ƙanensa, da yake can ƙauye, shi ya ci tuwo da shi a makon.

Sai da na yi kwana goma kafin in sami Baffa, don sai ya hau tudun bayan gari waya take kamawa. Na saba gaishe shi da Salla kawai, ya yi mamakin kirana. Da ya fahimci abin da nake nema, ya ce akwai abu ɗaya da bai manta ba. Kafin saƙon Gwaggo ya iso, Baba ya gwada hanyar garin nan mai lakwal. Safiya uku a jere yana ɗaura buhun gero a bayan keke, wanda ya auna ya ga ya kai nauyina, ya tafi har ƙofar lakwal ɗin ya dawo, don ya ga ko za mu riƙa isa kafin a buga ƙararrawa. Mutanen gari suna tambayarsa ina za shi da gero yana dawowa da shi, ya ce musu keken yake gwadawa.

Na tambayi Baffa ko yana isa a kan lokaci.

Ya ce wallahi wannan ya shige masa, amma akwai wani tsoho mai facin taya a bakin hanyar, yana nan da ransa, wurinsa Baba yake tsayawa shan ruwa. In na zo gida zai kai ni in tambaye shi.